Aikin mace, aikin namiji: tambayoyi da amsoshi kan abin da halitta ta tsara da abin da al'ada ta ɗora

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya kan yi idan zance ya zo kan tarbiyyar 'ya mace da ɗa namiji a ƙasar Hausa. Abu uku ne mutane ke zubawa a ƙwarya ɗaya su ce "haka Allah ya yi": halittar jiki, hukuncin addini, da al'adar gari. Kowanne da inda ake kai shi. Na jiki wajen likita, na addini wajen malami, na al'ada kuwa mutanen gida ke da ikon zama su duba ko har yanzu yana musu amfani. Duk lokacin da aka cakuɗa su, yaro ne ke shan wahalar.

Ta yaya mutum zai gane wannan halitta ce, wancan kuma al'ada?

A yi wa abin tambaya uku. Haka yake a ko'ina cikin duniya? Haka yake tun zamanin kakanni? Sai an koya wa yaro shi, ko an tsawata masa, kafin ya bi? Haila da ɗaukar ciki da shayarwa, gemu da buɗewar murya, ba wanda ke koyar da su, kuma ba su bambanta tsakanin Kano da Sin ba. Wannan halitta ke nan.

Sana'o'i kuwa ba sa tsallake gwajin. Rini a marinar Ƙofar Mata aikin maza ne, amma a Abekuta mata ne suka shahara da rinin adire. Kaɗi da mazari na mata ne, saƙar ƙananan ƙwarya ta maza ce, mata kuma suna da tasu masaƙar mai faɗi. Aikin babbar riga a da maza ke yi, yau a birnin Zariya mata da yawa da shi suke riƙe kansu. Matan Maguzawa suna noma, har da gayaunar kansu, alhali a wani ƙauyen da ke kusa ana ganin fitar mace gona abin kunya ne ga mijinta.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Girki da wanki da ɗebo ruwa ana kiransu aikin mata muddin a cikin gida ake yin su kyauta. Da sun fita ƙofar gida kuɗi ya shigo, sai ka tarar da mai shayi da mai tsire da mai wanki da guga da ɗan garuwa, dukkansu maza. Ashe hannun namiji bai kasa riƙe ludayi ba. Abin da ke raba aikin shi ne wurin da ake yin sa da kuma ko ana biya.

Daga wane shekaru ake fara koya wa yaro matsayinsa?

Tun bai yi baki ba. Ana huda wa jaririya kunne, ana yi mata kwalliya, ana yabonta da kyau, shi kuma ana yabonsa da ƙarfi. Har zuwa yaye, wajen shekara biyu, rayuwarsu kusan ɗaya ce a bayan uwa. Daga shekara biyar zuwa bakwai ne hanya ke rabuwa sosai. Ita za a ɗaura mata ƙaninta a baya, a ba ta tsintsiya da wanke-wanke, a fara ce mata "zauna kamar mace", "rage murya". Shi za a aike shi kasuwa, ya bi akuya kiwo, ya bi uba gona ko shago, idan ya faɗi ya yi kuka a ce masa namiji ba ya kuka. A da kaciya ma ana bari sai wannan lokacin, a haɗa sa'o'i wanzami ya yi musu a lokacin sanyi, kuma wanda ya daure shi ake yabo.

Wasa ma makaranta ce. 'Yartsana da tuwon ƙasa da gaɗa na 'yan mata ne, langa da kokawa na samari. A tashen watan azumi akwai wasan Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya ke shigar maigida, ɗaya ta amarya, ana rera mata yadda ake zama da miji. Da yaro ya fara tasawa sai ya koma kwana a soro ko shago, gidajen mutane su zame masa "ba shiga". Ita kuma da'irarta tana ƙara ƙanƙancewa, har ranar da za a kai ta ɗaki da nasihar "yi na yi, bari na bari".

Ba duka ne abin zargi ba. Kunya da kamun kai da juriya dukiya ce. Matsalar ita ce yadda aka raba su: an ba ta haƙuri an hana ta magana, an ba shi juriya an hana shi neman taimako.

To ba addini ne ya raba ayyukan nan ba?

Addini ya raba wasu haƙƙoƙi, kuma a fili suke. Ci da sha da sutura da wurin zama suna wuyan miji. Sadaki na amarya ne ita kaɗai, ba na uba ko waliyyi ba. Dukiyar da mace ta samu da sana'arta tata ce. A fiƙihun Malikiyya, idan mace tana cikin waɗanda aka saba yi wa hidima kuma mijin yana da hali, shi zai samo mata mai aiki. In ba haka ba, hidimar cikin gida kamar kwaɓa gari da shara da shimfiɗa tana kanta, amma ba a tilasta mata kaɗi ko saƙa don ta samo masa kuɗi. Buhari ya ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Ragon suna ma a mazhabarmu ɗaya ne, ko mace aka haifa ko namiji.

Lefe mai akwati goma, gara, kayan ɗakin da ke sa uba sayar da gona, waɗannan al'ada ce. Inda abin ya fi ciwo shi ne gado, domin a nan al'ada kan danne hukuncin da kowa ya sani. Misali: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, saura Naira 2,400,000. Matar tana da tumuni, wato 300,000. Ragowar 2,100,000 a kasa bakwai: kowane namiji 600,000, kowace mace 300,000. Haka lissafin yake ko kuɗi ne, ko gida, ko gona. Abin da ke faruwa a ƙauyuka da yawa shi ne a raba kuɗi da dabbobi, gona kuma a ce 'yan'uwa maza za su "riƙe" wa mata. Shekara ashirin, ba takarda ba shaida, kason ya narke. Maganinsa a auna gonar tun ranar rabo, a rubuta kason kowa da sunansa gaban alƙali ko malamin da ya yi rabon da shaidu biyu. Idan mace ta ga dama ta ba ɗan'uwanta aro ko haya, wannan ma a rubuta.

Game da ilimi kuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa mata malamai da ake kira jaji, tana sa musu malfa, su riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka.

Kulle fa? Ba haka kakanninmu suka zauna ba?

Kullen ya daɗe a gidajen sarauta da na malamai da attajirai. Bazuwarsa zuwa gidajen talakawan karkara kuwa yawanci abin ƙarni na 20 ne, kuma yana da dalilai da za a iya nunawa. A da noman mace yana da alaƙa da bauta. Da bautar ta gushe (a 1936 aka kammala soke ta a dokar Arewacin Nijeriya), barin gona ya zama alamar 'yanci da mutunci. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa ya shigo hannun manoma, mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya ɗaukar ɗan ƙwadago. A ƙasar Kano ruwa ba shi da nisa, ana haƙa rijiya a tsakar gida, jaki yana kawo itace. Inda rijiya ke da zurfi kuma da nisa, kamar wurare da dama a Nijar, kullen bai kama haka ba, mata suna da gamanarsu, wato gonar kansu, suna nomawa. A kudancin Maraɗi, da gonaki suka yi ƙaranci saboda yawan jama'a, mata ne suka fara rasa nasu.

Tarihin mulki ma bai tafi a miƙe ba. Akwai Daurama a Daura, Amina a Zazzau, sarautar Inna a Gobir da ta Iya a Maraɗi, da Sarauniya Mangu ta Lugu, a Nijar ta yau, da ta tari sojojin Faransa a 1899. Duk da haka matan Arewacin Nijeriya ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan hakan.

Me ya haɗa kulle da tallar 'yan mata?

Matar kulle ba zaune take ba. Tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, ƙosai, ɗanwake, kitso, tana zubin adashi. Amma kaya ba sa kai kansu kasuwa, don haka 'yarta ce ƙafarta. Ribar kuma yawanci kayan ɗakin yarinyar ake tarawa da ita. Shi ya sa faɗa wa uwa "ki daina ɗora mata talla" ba tare da an ba ta wata hanya ba kamar cewa ne ta rufe sana'arta.

Abin da ke aiki shi ne a canza hanyar da kayan ke fita. A sayar da sari ga mai shago ko mai teburin unguwa, ko da ribar ta ɗan ragu. A sa maƙwabta su aiko gida, a yi ciniki ta waya kuɗi ya shigo asusu. Idan tallar ta zama dole, ta kasance bayan an tashi makaranta, cikin unguwa, 'yan mata biyu ko uku tare, a dawo kafin magariba, ban da tasha da wurin gini da shiga ɗakin kowa. Sannan kada a doki yarinya don ta dawo da kwantai ko kuɗi bai cika ba. Tsoron wannan dukan ne mugaye ke amfani da shi: "kawo in saye duka."

Matata 'ya'ya mata kawai take haifa. Daga wajenta ne?

A'a, Malam. Kowane ɗan Adam yana da ƙullin gado 46 a ƙwayoyin jikinsa, waɗanda likitoci ke kira kuromosom, rabi daga uwa rabi daga uba. Biyu daga ciki su ke da alaƙa da jinsi. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi. Maniyyin namiji ne wani ke ɗauke da X wani Y. In mai X ya riga isa, mace. In mai Y ne, namiji. Shi ma uban ba zaɓa yake yi ba, kuma babu wani jiƙo ko abinci da ke juya wannan. Alƙur'ani a Suratus Shura, aya ta 49 da 50, ya ce Allah ke ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa wa wani, ya bar wani bakarare. Kakanninmu ma sun san jerin yakan zo ya wuce, shi ya sa akwai Tanko, namijin da ya biyo bayan mata, da Kande ko Dela, macen da ta biyo bayan maza.

Haka zancen rashin haihuwa. Al'ada ta sa mace ce ke yawon asibiti da gidan masu magani, alhali kusan rabin matsalar akwai hannun namiji a ciki. Idan an shekara ana tare ba ciki (wata shida idan matar ta haura 35), su je tare. Gwajin namiji shi ya fi sauƙi da araha: ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi a kwalbar da asibiti ta bayar, ya isa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Idan sakamako bai yi kyau ba a maimaita bayan kamar wata uku, domin jiki na ɗaukar sama da wata biyu kafin ya ƙera sabo. Hangum bayan balaga, ciwon sanyin da ba a yi maganinsa ba, kumburin jijiyoyin maraina da shan ƙwayoyi irin su tiramadol duk suna rage shi. Ƙarfin kwanciya ba shaida ba ce ta lafiyar maniyyi. Nan ne "namiji ba ya kuka" ke cin namijin da kansa: hawan jini, ciwon suga da damuwa yakan ɓoye su har sai sun kayar da shi.

An haifa mana jariri, an kasa gane mace ce ko namiji. Me za mu yi?

Wannan shi ne wanda ake kira mata-maza, a littattafan fiƙihu kuma huntha. Ba aikin iska ba ne, ba laifin uwa ba ne, kuma kafin a kai ga zancen suna akwai zancen rai.

Abu na farko, kada wanzami ko ungozoma su yanka komai. Na biyu, a kai jaririn babban asibiti cikin kwana biyu ko uku, inda akwai likitocin yara, kamar asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ko manyan asibitocin Yamai da Damagaram. Dalilin gaggawar shi ne, abin da ya fi jawo wannan wata larura ce ta ƙullutun da ke saman ƙoda, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CAH. Jaririyar mace ce, da mahaifarta da komai a ciki, amma jikinta ya samar da sinadarin maza da yawa tun tana ciki, sai gabanta ya yi kama da na namiji. Mafi yawan masu wannan larura jikinsu ba ya riƙe gishiri. A mako na biyu zuwa na uku sai jariri ya fara amai, ya ƙi nono, ya rame, ya yi laushi, kuma yana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki alhali maganin yana nan. Namiji ma yana samun larurar, shi kuma gabansa lafiya yake, don haka ba a farga. Idan a gida an taɓa rasa jarirai a wannan tsakanin da irin waɗannan alamu, a gaya wa likita.

A asibiti za a laluba ko akwai maraina a jaka ko a matsematsi, a auna gishiri da suga na jini a riƙa maimaitawa, a auna wani sinadari mai suna 17-OHP bayan jariri ya kwana biyu, a yi hoton ciki don a ga ko akwai mahaifa, sannan a aika jini gwajin kuromosom, wanda kan ɗauki makonni. Idan CAH ce, magani na har abada ne: haidirokotizon kullum, sau da yawa tare da fuludirokotizon da ƙarin gishiri ga jariri. Duk ranar da yaro ya yi zazzaɓi ko gudawa ana ƙara adadin maganin yadda likita ya tsara, in yana amai kuma sai allura. Kuskuren da ya fi kashe yara shi ne a ga sun murmure a daina ba su. Larurar gado ce daga iyaye biyu: idan dukansu suna ɗauke da ita, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci yana ƙara haɗuwar masu ɗauke da ita.

Suna fa? A yanka rago ranar bakwai. Idan sakamako ya nuna akasin abin da aka zata, canza suna ba haramun ba ne, Annabi (SAW) ya canza wa sahabbai da dama. Ya fi sauƙi a canza a wata biyu da a canza a shekara goma sha huɗu. Tiyata kuma iri biyu ce. Wadda ta shafi fitar fitsari ko wani haɗari ba ta jira. Wadda ta shafi kamanni kawai, likitoci da yawa yanzu suna ba da shawarar kada a yi gaggawa, domin abin da aka yanke ba ya dawowa, kuma mai jikin yana da ta cewa idan ya girma.

Malamanmu ba su ɗauki wannan abin ɓoyo ba. Littafin fiƙihun Malikiyya, Muhtasar na Shehu Halil, da mas'alar huntha ya rufe: a duba ta inda fitsari ke fita, wanne ya fi yawa ko ya riga, sannan gemu, nono, haila ko maniyyi. Wanda ya gagara ganewa an ba shi rabin kason namiji da rabin na mace a gado. Hoton ciki da gwajin jini ƙarin alamu ne a kan waɗanda suka lissafa.

Abu biyu masu kama da wannan: idan ƙofar fitsarin yaro tana ƙasan kan gabansa, kada a yi masa kaciya, da fatar ake gyarawa. Idan maraina ba su sauko ba har wata shida, a kai shi a yi aiki kafin ya kai shekara ɗaya da rabi.

Ɗana ya fara nono. 'Yata kuma gashi na fito mata a haɓa.

Kumburin nono ga yaro mai shekara 12 zuwa 15 abu ne da ya zama ruwan dare, yakan baje da kansa cikin wata shida zuwa shekara biyu. Kada a matsa, kada a ƙona, kada a bari 'yan'uwa su mai da shi abin tsokana. Gashin haɓa tare da rikicewar haila da ƙuraje yawanci larurar ƙwan mace ce da ake iya sarrafawa. Wadda ta kai 15 ba ta ga haila ba, ko wadda muryarta ke buɗewa gabanta na girma lokacin balaga, a kai ta likita kafin a yi zancen aure. Yankan gishiri da cire angurya ba sa maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yankan gishiri yana iya huda mafitsara ya jawo yoyon fitsari, kuma dokar Nijeriya ta 2015 da ta Nijar ta 2003 sun haramta yi wa mata kaciya.

Yarona yana son zama cikin mata da wasan girki. Ɗan daudu zai zama?

Yaro ɗan shekara huɗu ko shida da ya tashi a tsakar gida cikin mata, abin da ya gani yake kwaikwayo. Yawancinsu suna wucewa. Wasu kuma taushin murya da tafiya da motsin hannu suna tare da su har girma, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun bambanta wanda haka aka halicce shi, wanda ba laifi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan.

Daudanci kuwa matsayi ne da al'umma ta daɗe da sani, da sana'arsa ta sayar da abinci a tasha da kasuwa, da salon maganarsa, da iyayen gidansa. Da yawa daga cikin 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya. Ana shiga ne ta wata hanya, kuma sau da yawa gida ne ke share hanyar: a laƙaba wa yaro suna tun yana ƙarami, uba ya daina jan shi a jiki, 'yan'uwa su riƙa dukansa, makaranta ta gagare shi, ya fita ya sami inda ake ba shi abinci ba a zaginsa. Duka bai taɓa canza muryar kowa ba, sai dai ya koya wa yaro ɓoyewa da gudu.

Abin yi: a hana kowa a gidan kiransa da wannan suna. Uba ko kawu ya riƙa tafiya da shi masallaci da wurin sana'a ba da niyyar horo ba. In yana da hannun girki ko ɗinki, a koya masa sosai, sana'a ce. Abin da ya kamata ya tayar da hankali daban ne: yaron da halinsa ya canza farat ɗaya, ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, yana tsoron wani mutum, yana zuwa da kuɗin da ba a san tushensu ba, ko yana maganar da ta fi shekarunsa. Waɗannan alamun cin zarafi ne, kuma ana yi wa yara maza kamar yadda ake yi wa mata. A kai shi asibiti cikin kwana uku, domin maganin kariya daga ƙanjamau a cikin awa 72 yake aiki.

Idan saurayi ba ya sha'awar mata, aure zai gyara shi?

A raba ɗabi'a da sha'awa da aiki, domin ba abu ɗaya ba ne. Akwai mai taushin hali da ke son mata, akwai ƙaƙƙarfa mai gemu da ba ya so. Al'umma ce ke ba mutum suna da matsayi, amma bincike bai nuna cewa wasan yara ko tarbiyyar uwa ce ke dasa sha'awa ba, bai kuma nuna cewa duka, ɗauri ko turare suna cire ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka a 1990. Hukuncin addini a kan aikin sananne ne, dokar Nijeriya ta 2014 ma ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi. Amma addinin bai hukunta abin da ke zuci ba, ya hana bin diddigi, ya tsananta a kan ƙazafi, bai kuma ba taron unguwa ikon dukan kowa ba.

Auren dole a matsayin magani mutum biyu yake cutarwa, kuma yarinyar da aka kawo ba ta san komai ba ita za a zarga idan ba ciki. Wani lokacin ma rashin sha'awar daga ƙarancin sinadarin maza ne, ko ciwon damuwa, ko cin zarafin da aka yi masa yana yaro, kuma waɗannan likita na iya dubawa. Idan ya fara keɓe kansa ko yana zancen gara ya mutu, a ɗauki maganar da gaske a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

A aikace, me za mu canza a gida ba tare da an ce mun bar al'ada ba?

A fara da lissafin lokaci. Mako ɗaya, a rubuta awa nawa kowane yaro ke yi a aikin gida da awa nawa ke rage masa na karatu da barci. Gidaje da yawa za su tarar yarinya na tashi kafin kowa, tana kwanciya bayan kowa, sannan a ce ba ta da ƙoƙari a makaranta.

Daga shekara shida kowa ya wanke kwanonsa ya gyara shimfiɗarsa. Daga tara ko goma yaro ya iya wanke kayansa, ya dafa shinkafa da wake, ya dama koko, ya haɗa ruwan gishiri da suga idan ƙaninsa na gudawa. Yarinya ta iya lissafin uwar kuɗi da riba, karanta takardar magani, ajiya a asusu da sunanta, da faɗin "a'a" da babbar murya ga babba idan ya nemi abin da bai dace ba. Kafin ta kai tara uwa ko inna ta yi mata bayanin haila, domin balagar mata na iya farawa daga shekara takwas. Shi kuma uba ko kawu ya yi masa na mafarki da wankan janaba kafin sha biyu.

Wuri biyu tsarin ke karyewa. Na farko kaka ko gwaggo ta shigo ta ga jikanta da tsintsiya ta ce an mai da shi mace. Gara a same ta tun farko a yi mata bayani cikin ladabi, a tuna mata cewa almajiri da ɗan ci-rani da ɗan makarantar kwana duk da hannunsu suke ci. Na biyu, uban da ke ba da umarni daga kan tabarma. Idan yaro bai taɓa ganin babansa ya ɗauki jariri ko ya ɗebo ruwa ranar da uwar ba ta da lafiya ba, a mako na biyu zai mayar wa ƙanwarsa tsintsiyar.